Shugabar Shaidun Tumatir

Shekarar da Yaya ya dawo gida daga jami'a rungume da sikeli, ina da shekara goma sha shida da bakin mutum goma. Haka Mma take faɗa. Wai ranar da aka haife ni, ungozoma ba ta gama yanke cibiya ba na fara ba ta labarin abin da na baro a ciki.

Mma tumatir take sayarwa a babbar kasuwar Sokodé, kuma tumatir ɗin nan ne ya kai Yaya inda ya kai. Karatun tafiyar da kasuwanci yake yi. Ya zo matakin da sai mutum ya yi bincike, ya rubuta wani ƙaton littafi da suke kira memuwar, sannan ya tsaya gaban malamai su yi ta juya shi da tambaya kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Nasa binciken a kan asarar da masu tumatir suke yi ne idan zafi ya shigo.

Ni a wurina Yaya ba irin sauran mutane ba ne. Shi ya koya mini keke. Shi ya rufa mini asiri ranar da na fasa randar Mma na ɗora wa kyanwa, alhali ba mu da kyanwa. Da ya ce mini rana daga yamma take fitowa, da sai in je in yi gardama da ranar.

Wata Asabar ya tara matan layinmu na masu tumatir a ƙarƙashin rumfa. Hausarsa ta sha Faransanci har ta ƙoshi, to a haka ya yi musu bayani: kullum da yamma za a auna tumatir ɗin da ya ruɓe wa kowacce, har zafi ya wuce. Ya ce, "Ku ne gurup temuwan ɗina."

Tsohuwar da teburinta yake manne da namu, wadda kowa yake kira Kaka, 'yar Kotokoli ce mai Hausar kasuwa. Ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, wannan temuwan, shi mene ne? Ana cin shi?"

Ban bari ya buɗe baki ba. Ni ce fa ta uku a Faransanci a ajinmu. Na ce, "Kaka, temuwan shi ne shaida. Kamar a ɗaurin aure. Ba a ɗaura aure sai da shaidu, kuma ba kowane gaja ake kira ba, sai mutanen kirki."

Matan suka gyara ɗaurin ɗankwali. Na dubi Yaya. Ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "E, kusan haka ne." Wannan sosa ƙeyar har yau ina ganinta.

Tun daga ranar na naɗa kaina shugabar shaidu. Ana tashi daga makaranta sai kasuwa, in bi teburi teburi da sikeli da bokiti, in tsince ruɓaɓɓu, in auna, in tura wa Yaya ta waya. Wanda bai taɓa cusa hannu cikin kwandon tumatir a watan Maris ba bai san abin da ake kira jarrabawa ba. Ƙudajen kasuwa suka san ni, suka san hanyar gidanmu, har wasu suka bi ni aji suka zauna a bencina. Ƙawata ta ce in dai ba za su biya kuɗin makaranta ba, a kore su. Ban damu ba. Na gaya wa masu albasa cewa su ba a zaɓe su ba saboda ilimi bai san da zamansu ba. Na gaya wa mai nama cewa sunan layinmu zai shiga littafi, Turawa su karanta su yi kuka. Kaka kuwa duk yamma sai ta miƙo mini nata ruɓaɓɓun da hannu biyu, kamar mai ba da goron biki, ta ce, "Shugaba, ga shaidata ta yau." Nata ya fi na kowa yawa, don teburinta ne rana take fara duka.

Da hutun Paki, wato Ista, ya zo, Yaya ya ce yaron da yake riƙe masa sikeli a Dapaong ba shi da lafiya, ko zan raka shi. Ashe binciken yana da wani reshe a can. Ya faɗa ne kamar wanda ake ja wa magana daga ciki da igiya, amma ni murna ta hana ni lura. A mota na ba shi labarin kowa da kowa a Sokodé, har direba ya ƙara sautin rediyo.

Zafin Dapaong ba zafi ba ne, hukunci ne. Mai zemijan, wato ɗan acaɓan da ya ɗauke mu daga tasha, kujerar babur ɗinsa ta kusa soya ni. Na ce a raina, kaiton shaidun garin nan, nasu tumatir miya yake zama tun a kwando.

Muka shiga kasuwa, sai na ga abin da ban gane ba. Kowace mace a layin tana da wata ƙatuwar tukunyar ƙasa a gefenta, an rufe da jiƙaƙƙen buhu. Wata 'yar ƙabilar Moba ta ɗaga buhun don ta ba mai saye, na leƙa. Ƙaramar tukunya ce a cikin babba, an cika tsakaninsu da yashi mai laima. A ciki ga tumatir jawur, kumatu a cike, kamar 'ya'yan masu kuɗi. Na sa hannu. Sanyi.

"Iya, wannan na yau ne?"

Ta yi dariya. "Na yau ina? Shi ya kwana ya kwana. Yayanki da Madam suka kawo tukunya."

Madam ita ce abokiyar binciken Yaya, malamar kimiyya mai tabarau, wadda ta yi ta gwada yashi da yumɓu har ta samo irin tukunyar da ta fi riƙe sanyi. Ta iso tana fara'a, ta kama hannuna, ta ce ashe ni ce yarinyar gurup temuwan, ai ta ji labarina, awona ba ya kuskure.

Na ce, "Ni ce shugabarsu. Madam, su waɗannan su ma shaidu ne?"

"A'a, su ne aka ba tukunya. Ku kuma ba a ba ku komai ba. Ai shi ne temuwan. Sai an ga yadda naku yake lalacewa sannan a san ko tukunyar tana aiki."

Ta faɗa ne cikin sauƙi, kamar mai gaya mini kwatancen famfo. Na juya na nemi Yaya. Yana can ya duƙufa a kan sikeli, yana goge shi kamar yau ya fara ganinsa.

Na jira har muka fita bayan kasuwa. Na ce, "Yaya, tukunya biyu da yashi."

"Auta, ki saurara."

"Yashi, Yaya. Akwai shi a ƙofar gidanmu. Akuya tana kwanciya a kai."

Ya ce haka ƙa'idar bincike take, dole a sami waɗanda za a gwada da su. Ya ce da gangan ya raba garuruwan, don in a kasuwa ɗaya ne, waɗanda ba a ba su ba za su gani su kwaikwaya, aikin ya rushe. Ya ce ana gamawa matan Sokodé za su sami tasu, ya riga ya yi magana da maginin tukwane. Duk maganarsa da kai da ƙafa, ban sami inda zan kama ba. Abin da na tambaye shi ɗaya ne: ranar da na ce shaidun ɗaurin aure, me ya sa ya bar ni?

Ya sosa ƙeya.

A hanyar dawowa direba bai taɓa rediyonsa ba.

Na tarar da Mma tana tankaɗe. Ban ko ajiye jaka ba na zazzage mata komai, tukunya, yashi, buhu, Madam. Ina jira ta zubar da rariya ta ɗora hannu a ka. Ta ci gaba da tankaɗenta.

"Na sani. Ya gaya mini tun kafin ya tara mu."

"Kin sani, Mma? Kika bar ni ina yawo da bokiti ina cika baki?"

"Da an gaya miki da safe, kafin azahar duk Sokodé ta zama tukunya, har masu sayar da gawayi." Ta buga rariyar a tafin hannu. "Tumatir nawa ya ruɓe mini tun yana aji ɗaya? Na zafi guda ba zai kashe ni ba. Ki bar shi ya gama."

"Kaka fa?"

Ta ajiye rariyar. Can ta ce, "In kin faɗa, kin kashe masa shekara. Ke kika sani."

Wato su biyu sun zauna sun auna ni, ba da sikeli ba, sun ga bakina ya fi ni nauyi. Yanzu kuma sun ɗora mini abin da suka ɓoye mini, in riƙe musu.

Na riƙe. Ban san don Yaya na yi ba, ko don Mma, ko don in nuna musu sun yi kuskure. Na koma bin teburi da bokiti har ruwan farko ya sauka. Kullum Kaka ta miƙo mini da hannu biyu ta ce, "Shugaba, ga shaidata," ni kuma in karɓa ina kallon ƙasa, ƙasar da yashi ne a kanta. Masu albasa suka yi ta tambaya ko ba ni da lafiya. Mai nama ya ce ko aljanin surutun ne ya yi tafiya.

Yaya ya ci jarrabawarsa, malamai sun yaba. Ya cika alkawari, tukwane suka zo a bayan a-kori-kura, mata suka yi guɗa, Kaka ta sa masa albarka har muryarta ta dushe. Lokacin damina ta riga ta kankama, tumatir ɗin ma ya daina neman taimakon kowa. Ni ce nake jiƙa yashin tamu kafin in tafi makaranta, kuma gaskiya tana aiki, ba zan yi wa tukunya ƙarya ba.

Har yanzu a layinmu Shugaba suke kirana. Yaya yana bugo waya duk Juma'a, in Mma ta gama sai ta miƙo mini. Da can sai katinsa ya ƙare ban kai rabin labari ba. Yanzu yakan ce, "Auta, yaya kike? Ba ni labari mana."

Sai in ce, "Ban ruɓe ba tukuna, Yaya. Ka rubuta."