Furen da Ya Raba Kaka da Masallaci

Kwanakin baya na je gidan wata abokiyar aikina, tun daga bakin ƙofa hancina ya gaya min abin da ke kan teburinta. Farin furen narjis ne a kwanon gilashi. Ita tana ta yabon ƙanshinsa, ni kuwa sai kawar da kai nake. In kana cikin masu sonsa ka yi haƙuri da ni, a hancina warin fitsarin da ya kwana a katifa ne, aka fesa masa turare don a rufa asiri.

Ina 'yar firamare muna zaune a Utaibiyya, wata unguwa a Makka, a wani tsohon bene. Kaka, mahaifin Abba, shi ke da ɗaki mai taga, ni nake kai masa shayi in yi masa shara. Tsufa ya rage masa gani, ya ɗauke masa jin ƙanshi da wari gaba ɗaya, amma bai taɓa ƙafafunsa ba. Salloli biyar a masallacin layinmu yake yin su. Mutum ne mai tsantseni a kan tsarki, ko ɗigon miya ya taɓa rigarsa sai ya canza ta.

Umma tana aikin girki a gidan wata Balarabiya. Da ɗan sanyin Makka ya shigo, lokacin da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki a buɗe tagogi, matar ta ba ta wasu 'yan kawunan narjis kamar albasa. Ko ƙasa ba sa bukata. Tsakuwa ake zubawa a faranti mai zurfi, a jera su a kai, a sa ruwa daidai gindinsu. Umma ta duba gidan ba inda haske ke shiga sai tagar Kaka, ta ajiye su can bayan labule.

Suka yi saiwa, suka miƙe kore shar. Ranar da furen ya buɗe, wari ya sauka a ɗakin.

Abba ne ya fara yamutsa fuska. Ni ma in na shiga da shayi sai na riƙe numfashi. Umma tana cikin waɗanda ƙanshi suke ji, ta rantse ba ta jin wani wari, Abba ya ce kara ce kawai take yi wa surukinta. Aka wanke zanin gado, aka shanya katifa a saman bene, aka turara turaren wuta. Wari ya haɗu da hayaƙi ya zama wani abin da ya fi na da muni. Ba wanda ya ɗaga labule. Wa zai zargi fure alhali ga tsoho a zaune?

Wata safiya Abba ya durƙusa a gabansa, kansa a ƙasa.

"Baba, ina ganin fitsari yana kufce maka ba ka sani ba."

Kaka ya shafa wandonsa, ya ji shi a bushe. Ya ɗago kai.

"Amma kuna jin warin?"

"Wallahi muna ji."

"To, halas, shi ke nan. Ku ne masu hanci."

Daga ranar bai sake taka masallaci ba. Ya ce ba zai kai najasa ɗakin Allah ya ɓata wa mutane salla ba. Abba ya sayo ƙunzugun manya a kantin magani, tsohon da ke guje wa ɗigon miya ya karɓa ya sa ba musu. In liman ya tada salla, sai ya tsaya shi kaɗai a gefen gado yana bin sautin lasifika.

Da furen ya yi tsawo ya fara kifewa, Umma ta ɗauke shi za ta kai sama. Suka yi kaciɓus da Abba a matakala, warin ya buge shi a fuska. Ya kalli farantin, ya kalli ƙofar ubansa. Kafin azahar ɗakin Kaka ya koma ƙanshin sabulu da darduma.

Abin da har yau yake ba ni ƙyama ya wuce furen. Manyan gidan suka yi gum. Abba kunya ta hana shi komawa ya durƙusa inda ya durƙusa a da, Umma tana tsoron a ce ita ta jawo. Suka daina sayen ƙunzugu kawai, wai Kaka zai gane da kansa. Da na ga bai gane ba, na zauna kusa da shi na gaya masa komai.

Ya dafa kaina. "Tausayina kika ji, 'yar nan. Ubanki bai taɓa yi min ƙarya ba."

Sai da aka yi makonni Abba ya iya buɗe baki, lokacin kuwa Kaka ya riga ya ɗauka mun haɗa baki ne don mu lallashe shi. Da kansa ya aika aka sayo masa ƙunzugun.

Yanzu mun bar Utaibiyya. Tsofaffin yau wurin likita ake fara kai su, a yi gwaji kafin a yanke musu hukunci, kuma hakan ya fi. Amma ban ga mun koyi cewa babba "na yi kuskure" a kan lokaci ba. Kaka ya ƙara shekaru yana jin kiran salla ta tagarsa, da tsarkinsa, da ƙafafunsa lafiya lau. Komawarsa masallacin nan sai ranar da aka ɗauke shi a makara.