Haƙorin da Ba Nawa Ba

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a bakin garin Mayahi na fara karanta labarin zanen nan. Bede muke ce wa irinsa, mu da muka yi boko. Wata mai zane ce da ba wanda ya san fuskarta take sako shi a intanet, shafi biyu ko uku kowace Juma'a, da Faransanci. Labarin wata budurwa ne a ƙasar da aljanu suka kulle ruwan sama cikin tulu suka ɓoye, ita kuma ta fita nemansa. Ina da aure a lokacin, da ƴaƴa biyu, da aji cike da yara har bakin ƙofa. Ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ina karanta shi ba. Idan aka fita shan iska sai in zagaya bayan aji inda rezon waya yake kamawa, in haɗe fuska kamar mai duba saƙon darakta.

Masu bin labarin sun buɗe gurup a waya, ni ma ina ciki. Aikinmu ɗaya ne: mai zanen ta sako shafi, mu kuma mu kwashe mako guda muna gaya wa juna abin da take nufi. Abin da ya fi haɗa mu faɗa shi ne mafarkan budurwar, don mai zanen ba ta rubuta ko kalma ɗaya a shafin mafarki. Hoto ne kawai, kowa ya yi ta kansa.

Wata Juma'a a ƙarshen rani ta sako wanda ya fi kowanne. Budurwar tana tsaye a tsakar gidansu, haƙorinta na sama ya faɗo a tafin hannunta, babu jini. Ta ɗaga kai, sai ta ga an cire ƙyauren zaure an jingine shi a bango. Iyakar shafin ke nan.

Wani ɗalibi daga Maradi ya ce haƙorin mabuɗin tulun ne. Ya buɗa hoton har ya dushe, ya ƙirga saiwoyin haƙorin ya samu uku, ya ce aljanun ma uku ne, saboda haka magana ta ƙare. Wata mai ɗinki ta ce budurwar kura za ta rikiɗe, tana zubar da haƙoran mutane ne kafin na kura su fito. Wani ya ce mu bar wahalar da kanmu, mai zanen ce take ciwon haƙori. Akwai kuma wani ma'aikacin asibiti a Tasawa da ba mu cika so ba, saboda yana gyara wa mutane Faransanci a gaban jama'a. Shi layi ɗaya ya rubuta: uban yarinyar zai mutu, haka kakarsa take fassara irin wannan. Muka ci gaba da gardamarmu.

Ni sau biyu a jere hasashena yana faɗuwa, har an fara yi mini dariya. Amma ina da abin da ba su da shi.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye gaba da Atantane, kuma ya yi karatun littattafai gwargwado. Mutane suna zuwa zaurensa da mafarkansu tun kafin a haife ni, ba ya karɓar komai. Ni ce nake kai fura zauren ina yarinya, don haka na ji abubuwa da yawa. Yakan ce a duk shekarunsa bai taɓa ganin wanda ya yi mugun mafarki da kansa ba. Mai daɗi kowa nasa ne, amma mugu kullum na wani aboki ne ko wata maƙwabciya. Idan mutum ya fita yakan yi murmushi ya ce Allah ya ba abokin nan lafiya, ga shi yana tafiya da takalman mai tambaya. Na sha yin dariyar wannan magana. Na kuma san ƙa'idarsa cewa mafarki yana bin fassarar farko da aka yi masa, shi ya sa ba a kai shi ga wanda ba ya ƙaunarka. Duk na san wannan. Ranar da ya kamata in tuna ne kawai ban tuna ba.

Asabar na je gida. Bayan la'asar na same shi a zaure yana gyara ƙotar sunguminsa. A gidanmu shi ne ke gaba ranar shuka, yana sara rami, yayyena suna bi suna zuba iri suna rufewa da ƙafa, kuma bai taɓa yarda wani ya riƙe sungumin nan ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ba zan iya ce masa ni, madam guda mai koyar da ƴaƴan mutane, ina bin labarin aljanun zane a waya ba. Sai na ce wata ƙawata ce ta yi mafarki.

Na faɗi mafarkin yadda yake a shafin. Bai ɗago ba. Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Uwata, haƙorin na bisa ne ko na ƙasa?”

Na ce na sama. Ya tambaya na gaba ne ko na ciki, dama ko hagu. Wannan ban riƙe ba, sai na leƙa wayar a ƙarƙashin hijabi na ce na ciki ne, ta dama. Ya tambaya ko uban ƙawar tawa yana da rai. Na ce yana da rai, ya dai manyanta. Ya tambaya ko tana da ƴan'uwa. Na ce maza ne duka, ita kaɗai ce mace. Gaskiya nake faɗa, haka budurwar take a labarin. Ina amsawa ina jin daɗin yadda na riƙe labarin a kaina, ban lura cewa kowace amsa ta dace da ni ba.

Ya daɗe yana murza ƙotar. Sannan ya tambaya ko ta gaya wa wani kafin ni. Na ce ba ta gaya wa kowa ba.

“To ki ce mata alheri ne,” in ji shi. “Za ta daɗe duniya, ta ga jikokin ɗiyanta. Ƙyauren da anka cire kuwa, gida ne za ya yalwata, baƙo shi shigo ba wahala. Kada ta ƙara kai shi wajen kowa.”

Tun a kan hanyar komawa, da rezo ya kama, na rubuta wa gurup. Na ce wannan ba hasashe ba ne, daga bakin malamin fassara na ji, kuma malamin ubana ne. Aka yi ta yaba mini. Mai ɗinkin ta janye kurarta, ɗalibin ya ce ai bai saɓa da mabuɗinsa ba. Mutumin Tasawa kalma ɗaya kawai ya gyara mini. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Makonnin da suka biyo baya mai zanen ta bar mafarkin ta shiga wani yaƙi da aljanun rijiya. Ni kuma jarrabawa ta matso. Inna takan kira ni da wayar yayana, ta ba ni labarin gida a gutsure, ina ji ina gyaran takardun yara. Ta ce Malam, wato Baba, ya zagaya gonaki da yayyena, ya nuna musu iyaka tun daga gamba har kalgon da ke gabas, ya ce wannan na wane, wancan na wane. Na ce ai gara haka. Wani kiran ta ce ya ba liman littattafansa, ya bar guda ɗaya. Ragon da yake kiwo don layya ya yanka ya yi sadaka. Ya taka har gidan wani maƙwabci da suka yi shekara da shekaru ba sa magana saboda akuya, ya nemi gafara, mutumin ya rasa inda zai sa kansa. Ranar kasuwar Mayahi kuma ya zo da kansa bai biyo ta wurina ba, ya sayi farin yadi ya koma. Na ce tsufa ne. Har na ji haushin rashin biyowar.

Da aka yi ruwan shuka Inna ta ce ya miƙa wa babban yayana sungumin, shi ya zauna a gida. Wannan ya ɗan tsaya mini a rai, amma aka buga ƙararrawa na shiga aji.

Juma'ar da ta biyo baya ina bayan aji na buɗe sabon shafi. Budurwar ta dawo gida daga yaƙin, ta tarar da maza zaune a ƙofar gida a kan tabarmi. An cire ƙyauren zaure don a fito da gawar ubanta. Kafin in gama kallo mutumin Tasawa ya sako maganarsa ta farko, ya ƙara da cewa a gaida malamin fassara.

Ban ji zafin wannan ba. Ina tsaye ina jin hayaniyar yara, abubuwan da Inna ta faɗa suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya, gonakin, littattafan, farin yadin. Baba bai yi kuskure ba. Ya gane mafarkin tun tambaya ta biyu, kamar yadda kakar mutumin Tasawa ta gane. Ya ɗauka nawa ne, don shi a wurinsa babu wata ƙawa. Ya faɗa mini alheri don fassarar farko ta zama alheri, kuma don kada in koma Mayahi da wannan nauyi. Sauran ya riƙe wa kansa. Tsoro ya kama ni, da kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari na hau kabu-kabu. Gari babu kowa, duk ana gona. Yana zaune a zaure da carbi, ya yi aski, ya sa riga mai tsabta kamar mai jiran mota. Na gaishe shi, na ce ƙarya na yi. Babu ƙawa, kuma ba ni ba ce. Ba wanda ya yi mafarkin nan a duniya, zane ne, yarinyar ma babu ita. Na buɗe shafin na miƙa masa wayar.

Ya riƙe ta nesa da ido ya daɗe yana kallo. Ya ga haƙorin, ya ga ƙyauren a jingine. Ya ce hannun mai zanen yana da kyau, zauren ma kamar namu. Sannan ya mayar mini.

“Kin yi ƙoƙari, uwata. Ni na ruhe miki, ke ma kin zo ki ruhe mini. Allah shi yi miki albarka.”

Na rantse masa. Na nuna masa shafukan baya, na nuna masa gurup ɗin da maganganun mutane, na karanta masa na ɗalibin da na mai ɗinkin ina mayarwa Hausa. Ya yi dariya a wurin kurar. Ya ce yaran yanzu babu abin da ba su iya haɗawa da wayar nan, kuma ya san ina da abokan boko masu son taimako. Boko ba ya karantawa, rantsuwa kuwa ya ce Allah yana yafe irin wadda aka yi don tausayin iyaye. Duk abin da na kawo sai ya zama shaidar cewa ina ƙaunarsa.

“Baba, ko da nawa ne, ai ba a san gaibu ba.”

“Ba a sani ba,” ya ce. “Shi ya sa ban ce gobe ba. Shiri dai na yi.”

Na gaya wa Inna, ta yarda da ni nan take, ta zage ni yadda ya kamata. Ta yi wa Baba magana ya ce ita ma an haɗa baki da ita. Yayyena sun yarda su ma, sai dai ban ga wanda ya yi gaggawar mayar da gona ba. Babban ya kawo sungumin ya jingine a zaure, don kada a ce bai yi ba. Baba ya sa aka mayar wa yayan nawa.

Ban bar karanta labarin ba, ko da yake na daina rubutu a gurup. Bayan wasu watanni sai ga uban budurwar ya dawo. Ashe kututturen itace aljanu suka naɗe a likkafani, shi kuma suna tsare da shi tare da tulun. Ya shigo gida ta zauren nan mara ƙyaure, da ruwan sama a bayansa. Gurup ya rikice. Wani ya tono tsohuwar maganata ya ce ga shi nan, an ce baƙo zai shigo ba wahala, malamin ya yi gaskiya tun farko. Aka koma kirana ɗiyar malam. Har mutumin Tasawa ya ba da haƙuri, cikin Faransanci mai kyau. Ban kai wa Baba wannan shafin ba, don na san abin da zai ce.

Yana nan da ransa. Lafiyarsa ta fi tawa, yana tauna ƙashi, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Masu mafarki sun koma wurin liman. Farin yadin yana cikin akwatin ƙarfe, Inna takan fito da shi ta shanya saboda gara. Tun ranar da ya nuna wa yayyena iyaka ƙafarsa ba ta sake taka gona ba. Duk shekara idan aka yi ruwan shuka yakan fito ƙofar gida ya bi masu tafiya da kallo har su ɓace, sannan ya ce wa Inna bana kam ba da shi za a ci sabon gero ba. Sau huɗu ke nan yana ci.