Amshin Kunkuru

Kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: a labarin nan ni ne wawan. Ba ƙaramin wawa ba kuwa, wawa mai furfura, wanda ya yi aji huɗu a firamare ya fito yana ganin ya gama da boko, alhali boko ce ta gama da shi. Duk wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙara wurin hedimastan da ya sallame ni, in ya san inda kabarinsa yake.

A unguwar Tudun Ƙofa ta Keffi aka haife mu, ni da ƙanwata Kulu, a gidan da har yau nake ciki. Kakarmu Iya Dudu ce mai ɗakin da ke jikin madafa. Daga wajen Panda aka auro ta, kuma har ta rasu akwai ɗan gishirin Gwandara a Hausarta. In an sauke tuwo an ci, ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta jawo kujerarta ta tura ɓarin doya cikin garwashi, mu kewaye ta, mu biyu da 'ya'yan maƙwabta. Ni kusa da doya nake zama. Kulu kusa da bakin Iya. Tun daga nan mai hankali zai gane inda kowa ya dosa a rayuwa.

Iya tana da nata salon buɗe tatsuniya. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Tana kuma da doka guda wadda ko Baba bai isa ya karya ba. Duk tatsuniyarta akwai waƙa a ciki, kuma in ta rera nata sai ta yi shiru, ta karkata kai, ta kai hannu bayan kunne tana jiran amshi. In ba a amsa ba, an tsaya ke nan, ko da kura ta riga ta buɗe baki za ta cinye yarinya.

"Waƙa ƙafa biyu gare ta," in ji ta, "ɗaya tawa, ɗaya taku. So kuke ta yi ɗingishi?"

Wadda muka fi roƙo ita ce ta Suda da Kunkuru. Suda, 'yar tsuntsuwar nan mai zaƙin baki, da Kunkuru a gindin ɗorawa ɗaya suka tashi. Ita ke waƙa, shi ke amshi. Wata shekara ɗorawa ta ƙi 'ya'ya, yunwa ta shigo. Suda ta ce za ta tafi garuruwa ta yi waƙa ta samo musu abinci. Ta ce, "Duk inda na sauka zan rera, in bar maka gurbinka. Da amshinka zan gane hanyar gida." Kunkuru ya dubi fikafikanta, ya dubi ƙafafunsa, abin ya ba shi haushi, ya mai da kai cikin ƙoƙonsa.

Suda ta tafi, ta yi suna. Ko'ina ta sauka sai ta rera:

"Na haye rafi, na haye dutse, mutanen gida kuna nan?"

Mu kuma a bakin murhu mu ɗauka gaba ɗaya: "Muna nan, Suda, muna nan!"

Amma mu yara ne masu sauraro. A cikin tatsuniyar Kunkuru ne mai amshi. Iska kan kawo masa waƙar har gindin ɗorawa, yakan kuma amsa, sai dai daga cikin ƙoƙo. To nan ne Kulu ke shigowa. Sai ta ɗauki ƙwaryar awon Iya ta kifa a kai har wuya, ta yi rarrafe, ta amsa da wata murya kamar ta mai mura a cikin rijiya. Mukan yi dariya har mu faɗi. Ni dai ban taɓa jin ƙarshen tatsuniyar da kyau ba saboda dariya da doya. Abin da na tsinta shi ne, Suda ba ta gane hanya ba, shi ya sa har yau in tana kuka takan tsaya a tsakiya kamar mai sauraro.

Wata rana na tambaya, "Iya, ai laifin Suda ne ko? Wa ya aike ta yawo?"

Ta ce, "Maigidana, ni tatsuniya nake yi, ba alƙalanci ba. Juya min doyar nan, ka bar ta tana ƙonewa."

Tunda alƙali ya ƙi shari'a, sai na yanke da kaina. Na ɗora wa Suda laifi, na rufe kotu.

Iya ba ta ga abin da ƙwaryarta ta haifar ba. Ta rasu Kulu na makarantar horon malamai, ni kuma ina koyon gyaran keke a unguwar Yara. A wasan kwaikwayon makaranta wani ma'aikacin gidan talabijin na Jos ya ga Kulu, ya ce wannan ba alli ya kamata ta riƙe ba. Haka ta tafi. Ta fito a nas mai tsawa. Ta fito a matar direban tifa. Ta fito a wata muguwar uwar miji, ta iya abin har wata mata ta ƙi sayar mata da tumatir a kasuwa. Amma abin da ya kai sunanta gida-gida shi ne shirin yara na ranar Asabar da la'asar. Anti Kulu ke nan, zaune a tabarma, ga ƙwarya a gefe. Ta yi musu waƙar wanke hannu, waƙar ƙidaya, waƙar gaida manya, har aka buga su a kaset. Kuma da waƙar Suda take buɗe kowane shiri. Ta dubi mutum ido cikin ido daga cikin akwatin, ta rera, "Mutanen gida kuna nan?" Sai ta karkata kai, ta kai hannu bayan kunne, ta yi shiru. Kai ka ce Iya Dudu ce aka wanke aka sa wa janbaki.

A layinmu Ticha Bulus, wani malamin firamare ɗan ƙabilar Mada, shi kaɗai ke da talabijin lokacin. Falonsa kan cika da yara har bakin ƙofa. In sun ɗauki amshi kwanon gidan har rawa yake. Ni a taga nake tsayawa da sifana a hannu, kamar wanda hanya ta biyo da shi.

Ticha ya ce, "Malam Sule, shigo mana ka ga ƙanwarka."

Na ce, "Ticha, na gan ta tun tana majina. Sauri nake."

In ta zo gida da Salla kuwa, da tsokana nake tarbarta tun daga zaure. "Ina Suda mai yawo? Ina mai hira da akwati?" Ita ma ba ta raga min, takan ce in wanke hannu kafin in gaisa da mutanen talabijin. Sau ɗaya ne hirar ta so ta kauce daga wasa. Muna zaune a ƙofar ɗakin Iya, na ce:

"Kulu, tsakani da Allah, in kin sa hannu a kunnen nan, kina jin yaran?"

Ta ce, "Yaya, ɗaki ne rufe, ko taga babu. Fitilu kamar za su gasa mutum. Mutum ɗaya ne a gabana, a bayan kyamara, shi ma rabin lokaci hamma yake. Ba abin da nake ji sai fanka."

"To me kike saurare?"

"Gurbin nake bari kawai. Ko da wani."

Na ce, "Wato gwamnati ta ɗauke ki aiki ki saurari fanka."

Ta yi dariya, amma gajeriya. Ta ce, "Ka zo Jos mana, ko sau ɗaya. Ka zauna bayan mai kyamara, in na rera ka amsa min. Ba wanda zai gan ka."

Na ce, "Wa zai tsare min shago? Kekunan Keffi ba sa zuwa hutu."

Abin da ba ta sani ba, na riga na sayi tawa talabijin, 'yar ƙarama mara kala, mai aiki da batirin mota. Na ce wa matata Hajara don labarai na saya, mutum ya san halin da duniya ke ciki. Duniyar kuwa ranar Asabar da la'asar take shiga halinta. In rufe shago, in shiga ɗaki, in tura ƙofa. In Kulu ta kai hannu kunne, sai in duba hagu da dama, in yi gyaran murya, in ce, "Muna nan, Suda, muna nan." A hankali, kada Hajara ta ji ta samu abin ba 'yan'uwanta labari. Shekara da shekaru ban fasa ba. A raina har ina yaba wa kaina: ga ɗan'uwa na gari, wanda ba ya tallar zumuncinsa.

Daga baya zamani ya juya. Aka cire shirin aka sa zane-zanen Turawa masu tsalle-tsalle. Masu shirya fim suka riƙa kiranta jefi-jefi, ta fito a kaka ta yi tari sau biyu ta mutu kafin a kai rabin fim. Sannan kiran ma ya ɗauke. Mijinta ya rasu, 'yarta Bilkisu ta yi aure a Abuja. Ta zauna ita kaɗai a gidan haya a Jos. In mun yi waya nakan ce, "Suda, fikafikai sun gaji ne?" Ta ce, "Yaya, ka ci abinci?" Mu ajiye.

Ni ma nawa gidan ya zube a hankali kamar katangar ƙasa da damina. Hajara ta riga ni gidan gaskiya. 'Ya'yana sun watse, wannan Lafiya, wancan Kaduna. Ɗakunan na zuba 'yan jami'a haya. Yaran kirki ne, suna gaishe ni, "Baba, gud ibinin," amma kowa da abu toshe a kunne. In magariba ta wuce nakan hura gawayi a tsohon murhu, wai don shayi. Ba mai zama. Wani lokaci nakan ji kaina ina ba wa buta labari.

Yanzu da na rasa abin yi sai tunani, na sake buɗe shari'ar da na rufe ina yaro. Na ga Iya ba ta taɓa cewa Suda ta manta gida ba. A kowane gari ta tambaya. Ba ta kuma ce Kunkuru ba ya ƙaunarta ba, ai yana amsawa. Kai ne kawai ya kasa fitarwa. Ina jin tsohuwar nan ta dubi jikokinta biyu a hasken garwashi ta ga abin da ta gani, ta ƙi faɗa don ta san ba zan ji ba, bakina cike da doya. Sai dai kada a ba ni lambar yabo, ba ni na gano wannan ba. Ganar da ni aka yi, a tsaye, da rana tsaka.

A bara ne Bilkisu ta kira ni ta ce, "Kawu, Mama za ta saki gidan Jos. Na ce ta dawo wurina, ta ce tana tunani. Za mu biyo ta Keffi ranar Lahadi."

Tana tunani! Ban yi barcin kirki ba. Na fitar da tarkacen kekuna daga ɗakin Iya, na sa aka yi farar ƙasa, aka shimfiɗa sabuwar leda, na sayi katifa da labule. A lissafina, in ta gani za ta gane da kanta, ba sai na zubar da girmana na roƙa ba. Mu ƙarasa tare, ita da waƙarta ni da shayina.

Suka iso bayan azahar, kaya ɗaure a saman mota. Kulu ta fito da sanda. Ba wanda ya gaya min ta fara riƙe sanda. 'Yan hayata suka wuce ta, ba wanda ya waiga.

Na ce, "Maraba da Suda. An gama zaga duniya?"

"An gama, Yaya. Kai kuma an gama tsare shago?"

Muka ci abinci. Na zaga da ita gidan kamar ba ta san shi ba, har muka tsaya ƙofar ɗakin Iya. Ta leƙa, ta shaƙi warin farar ƙasa, ta taɓa labulen.

"Sabon ɗan haya za ka saka?"

Na ce, "Eh to, in an samu mai hankali. Wanda ya gaji da yawo."

Ta dube ni. Ta yi shiru, ta ɗan karkata kai. Ta jima a haka. Ni kuma na tsaya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Bilkisu ta leƙo daga zaure ta ce, "Mama, kada mu shiga cunkoson Maraba a hanyar Abuja."

Kulu ta juya ta nufi ƙofa. Da na ga da gaske mota za ta shiga, sai na fito da babban makamina, wanda na tabbata zai sa a kwance kayan nan daga saman mota. Na sha gabanta, na gyara tsayuwa kamar mai ba da shaida a kotu.

"Kulu, tsaya ki ji wani sirri. Duk shekarun nan da kike sa hannu a kunne, ba fanka kaɗai ba ce. Ina da talabijin a ɗaki. Ko Asabar ɗaya ban taɓa fashi ba. Ina tura ƙofa in amsa miki. Wallahi ina amsawa."

Na jira hawaye. Har na tanadi abin da zan ce in ta fashe da kuka.

Ta dafa ƙofar mota, ta dube ni daga hula har takalmi, ta ce:

"To Yaya, sai ka kai akwatin ɗakin Iya ka shimfiɗa masa katifar. Shi ya ji ka. Ni ban ji ba."