Asabar Ɗin Da Kowa Ya Ƙi Hawa Dandamali

Har gobe ba zan manta da wata Asabar ta ƙarshen shekarun 1990 ba, lokacin ina aiki a wani gidan wasa a unguwar Ambassatna. Ni ne ɗan aike. Ni nake zuwa gidajen makaɗa in ɗauko alƙawarinsu, sannan in hau bayan mota da lasifika in zaga unguwanni ina shela da Larabci da Hausa.

Ga wanda bai san sana'ar ba, makaɗin da ya rufe wasa shi ne babba. Wanda ya buɗe kuwa ɗan share fage ne, yana kiɗa ana jera kujeru.

Maigidanmu, Musye Idris, ya shirya wasan mutum uku: Hajiya Kaltuma mai kiɗan ƙwarya daga unguwar Mardjandafak, Abakar mai jita, da Ngaro mutumin kudu mai balafon, wato jerin katakan nan da ake kaɗawa da sanda. Ni kuma Allah ya yi ni da son a yi mini murmushi. Hajiya ta zuba mini shayi ta ce, "Ɗana, wa zai rufe?" Na ce, "Ke mana, Hajiya, wa ya isa?" Abakar ya tambaya, na ce shi ne. Ngaro bai ma tambaya ba, ni na yi masa kyauta na ce shi zai rufe.

Ranar wasa bayan la'asar fili ya cika, dandamali fayau. Su uku suna zaune a baya, kowa na kallon sama.

Hajiya ta ce, "Ina kiɗa tun wannan mai jitar yana tsotson yatsa. Ni zan share masa fage?"

Abakar ya ce, "Hajiya, ai babba ake ba wa ruwa ya fara sha. Bismilla."

Musye Idris ya kama kunnena ya ce, "Kai ka ƙulla. In mutanen nan suka watse, ka bi su, kada ka dawo." A lokacin matata na da tsohon ciki, ba ni da wani aikin.

Na durƙusa na ce, "Iyayena, ku hau tare. Babu na farko ke nan."

Suka hau tare. Abin da ban lissafa ba shi ne, wanda ya fara yin shiru shi ne ƙarami. Ƙwarya na nata, jita na nata, balafon na bin tsakiya kamar akuya a kasuwa. Igiyar jita ta tsinke, Abakar ya ci gaba da sauran. Muryar Hajiya ta dushe, ta koma guɗa. Jama'a suka ɗauka sabon salo ne, har da masu rawa.

Kiran sallar magariba ne ya cece ni. Kowa ya tsaya cak, na ce alhamdu lillahi, an yi kunnen doki. Ladan na kammalawa, Ngaro, wanda Kirista ne kuma ba alwala ke gabansa ba, ya ɗaga sandarsa a hankali ya buga ɗaya: kwam. Ya naɗe kayansa.

Hajiya ta bi shi har bakin titi da takalmi a hannu.

Ba a kore ni ba, don jama'a sun yi ta tambayar yaushe za a sake. Amma an hana ni zuwa gidan makaɗi ni kaɗai. Ku yaran yanzu, ku riƙe wannan: makaɗi zai yafe maka lasifika mai ƙara, zai yafe maka fili ba kowa, amma ba zai yafe maka wanda ya buga bayansa ba. In aka tambaye ku wa zai rufe, ku ce maigida bai faɗa ba, ko da an zuba muku shayi.