Shekarar da Bencunanmu Suka Tafi Hutu

Shekarun baya, ina sabon malami mai takalmi sau-ciki yana ƙyalli, aka tura ni koyarwa wata firamare a wani ƙauye cikin fadamar kogin Haɗeja. Ni haifaffen cikin gari ne. Ruwan da na sani shi ne na famfo da na randa, sai kogin da muke leƙawa daga kan gada. Da na gaya wa mahaifiyata inda aka kai ni, ta dube ni, ta dubi takalmin, ta ce, "To, Allah ya taimaka. Amma ka nemi na roba." Na yi dariya. Wata bai ƙare ba na sayi na robar.

Kullum babur ke kai ni inda hanya ta ƙare, daga nan in hau jinga da ƙafa, wato dogon tudun ƙasar da mutanen ƙauyen suka tara don tare ruwa. Shinkafa dama da hagu har inda ido ya gaji. Ranar farko na ɓace a cikin ƙauyen, wani tsoho ya ce mini, "Ka miƙe har gidan mai shuɗin ƙyaure, sai ka gangara." Shi kaɗai ne ƙyauren katako mai fenti a layin, na wani mai fito ne da ke tsallakar da mutane a kwalekwale. Daga baya na gane 'yarsa tana ajina, aji huɗu, yarinya mai bakin aku wadda ba a gama tambaya take ɗaga hannu.

Makarantar tana can gangare, a kwari, don a nan aka samu fili. Azuzuwa kaɗan ne, da ƙatuwar tsamiya a tsakiya, an rataye mata wani tsohon ƙarfen mota a matsayin ƙararrawa. Gini duk ya tsattsage, amma bencuna garau, babu mai gurguwar ƙafa ko ɗaya. Na tambayi hedimasta dalili. Dattijo ne ɗan yankin, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube.

Ya ce, "Wata shekara ruwa ya shigo ana hutu, ya yi awon gaba da kujerun da aka kawo mana. Yara suka koma zaman ƙasa, ƙasar kuma kullum cikin danshi. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, har aka soma maganar haɗe mu da makarantar bakin titi. Ka dai san nisan. Wane uba ne zai bar ɗan aji ɗaya ya bi jinga har can? Sai gari ya yi gayya, mai kifi ya kawo, mai shinkafa ya kawo, aka ɗauko kafinta. Ranar da bencunan nan suka ƙare, malam, makarantar ta ƙare. Shi ya sa ba sa yin damina a nan."

Na gyaɗa kai irin na wanda ya gane. Ban gane komai ba.

Sai ranar rufe makaranta ta zangon ƙarshe ta zo, damina ta kankama. Tun da safe fili ya cika. Mata sun jera kaskon awara da dafaffiyar gyaɗa, ƙamshin soyayyen kifi ya hana ni mai da hankali kan jawabin kowa. Yara suka yi wasan kwaikwayo, wani ɗan aji shida ya kwaikwayi yadda nake tafiya a kan jinga ina ɗaga ƙafar wando, gari duka ya fashe da dariya, har da liman. Aka kira waɗanda suka yi na ɗaya, aka tafa, iyaye mata suka rangaɗa guɗa. 'Yar mai fito ta zo ta biyu, kuma ta gaya wa kowa cewa zazzaɓi ne ya cuce ta.

Liman ya shafa addu'a. Ina shirin neman jakata, sai hedimasta ya bugi ƙarfen nan ya ce, "To, bismillah. A ɗauka."

Kafin in ankara magidanta sun shige azuzuwa, suna fitowa da bencuna a ka. Wani ya sungumi allon ajina. Wasu samari suka ciccibi teburin hedimasta, shi kuwa yana tsaye yana murmushi. Na zabura zan tare ƙofa, abokina malamin lissafi ya riƙo mini riga.

"Ina za ka? Hutu za su tafi, kamar kai."

Shi ya yi mini bayani. Cikin yaran da ke zama a benci guda, wanda gidansu ya fi tudu shi ke tafiya da shi, ya ajiye har ruwa ya janye. Allo zauren liman yake zuwa, tebur gidan mai unguwa. Na je na raɗa wa hedimasta, "Ranka ya daɗe, ba za a rubuta wanda ya ɗauki kaza ba?" Ya ce, "Yaran da ke zama a kai ai sun ga inda ya nufa."

Mai fito ya fito da bencin 'yarsa da ƙawayenta biyu. Ya tsaya a gabana ya ce, "Malam, ka gan shi lafiya ko? To, sai bayan ruwa." Yarinyar ta ce, "Malam, a ɗakin Baba yake zama fa, can sama a rataye. Ko taɓa shi ba a bari mu yi." Uban ya ce, "Ke, wuce mu tafi."

Na tsaya a gindin tsamiya ina kallo. Yayyafi ya soma. Bencuna sun jeru a kan jinga ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya a kan kawunan mutane, yara sun shige ƙarƙashinsu suna fakewa, ga koren shinkafa ya kewaye su ta ko'ina. Makaranta guda ce ta tashi da ƙafafunta ta shiga gari. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Amma ɗan birnin da ke cikina bai yi shiru ba, ya ce mini: rabinsu dai itacen girki za su zama.

Ruwan shekarar nan ba irin wanda aka saba ba ne. Mu kanmu a cikin Haɗeja kwana da kwanaki muna bakin jingar gari, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa. Muna cikin haka labari ya zo cewa jingar ƙauyen ta ɓalle da hantsi, ruwa ya hau har inda tsofaffi ba su taɓa ganin ya kai ba. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma gidaje sun zube, shinkafa ta nutse, mutane sun koma wani tudu a bakin titi.

Da hanya ta samu, ni da abokina muka je jaje. Bukkokin leda da buhu ne ko'ina, awaki a ɗaure, tsofaffi sun yi tagumi. Wallahi kunya ba ta bar ni na yi tunanin tambayar benci ba. Mutumin da ya rasa rumbunsa, da wane baki za ka tambaye shi katako?

Muka iske wata mata, uwar wani ɗalibina, ta durƙusa tana hura wuta da jiƙaƙƙen kara. Hayaƙi kawai yake yi, idanunta sun yi ja, yara sun kewaye tukunya suna jira. A gefenta, bai fi taku ɗaya ba, ga benci busasshe ƙayau, an lulluɓe shi da ledar da ta fi ta bukkarsu kyau. Ta ga inda idona ya tsaya.

Ta ce, "Malam, kayanku kake dubawa? Yana nan. Shi muka fara sawa a jirgi, kafin tukwane."

Abokina ya taɓa ni ya nuna mini da haɓa. Can ga wani an jingine a jikin bishiya, can ga wani an ɗora a kan duwatsu don kada ƙafafunsa su sha ruwa. Duk inda na juya sai na ga benci, a wurin da itacen dafa abinci ya fi nama wuyar samu.

Wadda ban ji muryarta ba ita ce 'yar mai fito. Na same ta zaune a bayan wata bukka, ta ƙi haɗa ido da ni. Da ƙyar ta ce, "Malam, namu ya tafi." Ashe ranar da jinga ta ɓalle, ubanta tun hantsi yake kwasar mutane da kayansu, gida bayan gida, yana cewa nasa a tudu yake, zai jira. Kafin ya waiwayo ɗakin ya rufta, ruwa ya ja bencin. Ta ce, "Baba ya ce in an koma makaranta in zauna a gida tukuna. Wai ba zai iya aika ni in zauna a kan na wasu ba, alhali na hannunsa ya salwanta."

Na je na sami uban yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Na ce masa babu mai ganin laifinsa, rabin bencunan nan ma a jirginsa suka tsallako. Bai ɗago ba ya ce, "Na sani, malam. Da za su zage ni ma da ya fi mini sauƙi. 'Ya'yan mutane biyu za su zauna a ƙasa, kuma ni na ce a kawo in ajiye." Na ce to ya bari in yi magana da wani kafinta a gari. Nan ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, na gane na taka inda bai kamata ba. Na yi masa sallama na tafi, raina a jagule, don na san yarinyar da ta zauna a gida "tukuna" ba kasafai take dawowa ba.

Ba a koma makaranta a kan lokaci ba, sai da ƙasa ta tsane. Ranar da muka koma, muka tarar ɗaya daga cikin azuzuwan ya zube gaba ɗaya, sauran kuma shatin ruwa a bango ya wuce kaina. Hedimasta ya ce a gindin tsamiya za a zauna. Ya bugi ƙarfe.

Sai ga su. Ta kan sabuwar jingar da aka ɗinke da buhuna, bencuna suna tahowa a ka kamar yadda suka tafi, sai dai masu ɗauke da su sun rame. Kowa ya sauke nasa, ya goge shi da hannun riga, yara su ruga su haye. Allo ya dawo, tebur ya dawo. Fili ya cika, in ban da yara mata biyu da suka rage a tsaye, rungume da jakunkunansu, ƙawayen 'yar mai fito. Na ce su matsa cikin wasu su zauna. Hedimasta ya ɗaga mini hannu ya ce, "A ɗan jira."

Muka jira har rana ta fara zafi. Ni dai na riga na fid da rai. Sai wani yaro ya nuna jinga. Wani abu shuɗi ne ke tahowa a kan mutum, da ƙaramar yarinya a gaba tana sauri cikin kayan makaranta.

Ya sauke shi a gaban hedimasta. Benci ne, ƙafafunsa ba su daidaita sosai ba, an ga alamar hannun da bai saba aikin kafinta ba. Amma saman nan shuɗi, na san shi. Har ƙarfen da ake saƙala kwaɗo yana nan a gefe, bai cire ba. Ashe ƙyauren ya maƙale a ƙarƙashin ginin da ya rufta, ya tono shi daga cikin laka.

Hedimasta ya dube shi ya ce, "Haba, malam. Ƙyauren gidanka?"

Mai fito ya ce, "Ɗakin ya faɗi, ranka ya daɗe. Me ya rage masa ya rufe?"

Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi guɗa. Yaran uku suka zauna, bencin ya ɗan karkata, wani dattijo ya tsuguna ya cusa tsingaro a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Hedimasta ya juya baya yana gyara hular da babu abin da ya same ta. Ni kuwa na ɗauki alli na fuskanci allo, na daɗe ban rubuta komai ba, don ba na ganin allon sosai.

Na koyar a makarantu da dama bayan nan, wasu har da fanka da kujerun ƙarfe, kuma na sha jin jawabai masu daɗi a kan amana. Ni ma na yi wasu. Amma duk lokacin da kalmar ta fito daga bakina, sai in ji nauyi, don na ga masu ita da idona, kuma su ba su taɓa kiran sunanta ba. Har yau in wani ya ba ni ajiya, ko ta biro ce, sai matar nan mai hura jiƙaƙƙen kara ta faɗo mini a rai.

Kafin a canza mini wurin aiki, mai fito ya sake ɗaga ɗakinsa. Na bi ta layin ranar da zan tafi don in yi masa sallama. Tabarma ce rataye a bakin ƙofar, iska tana kaɗa ta. Ƙyauren kuwa yana can gindin tsamiya, 'yarsa ta rataye jakarta a jikin ƙarfen kwaɗon, ta ɗaga hannu tun malami bai gama tambaya ba.