Alayyahun Mama a Koren Bin

Shekarun baya, ba mu daɗe da komawa unguwar Gorton a Manchester ba, na kusa cinye maigidana ɗanye a kan kwandon shara. Yanzu idan na ba da labarin dariya mutane suke yi. Ku yi dariyarku, ni har yau idan na tuna sai na ji zuciyata ta fara tafasa.

Lokacin da yayata ta haihu a unguwar Handsworth ta Birmingham, mahaifiyarmu ta zo daga ƙauyenmu na wajen Jos don ta kula da ita. Mama ba ta iya zaman banza. Ta zo da irin alayyahunta mai jan kara, wanda take shukawa a bayan ɗakinta tun muna yara, ta watsa shi a ɗan filin bayan gidan Yaya, ya kuwa kama. Bayan ta koma gida da shekara ɗaya ta rasu. Ban je jana'izarta ba, takardun zamana a ƙasar suna wajen sabuntawa, idan na fita ba zan dawo ba. A waya na kalli yadda aka binne uwata.

Daga baya Yaya ta koma wani flat a bene, babu ko tafin hannu na ƙasa. Ta kira ni ta ce in zo in karɓi sauran irin, tunda ni ina da fili a bayan gidana. Na hau mota har Birmingham na karɓo shi a cikin wata 'yar kwalbar man shafawa, bai fi cokali biyu ba. Ni kuma uwar wayo, sai na juye shi duka a ƙasa. Ko ƙwaya ɗaya ban ajiye ba.

To, a Manchester council, wato hukumar gari, ta ba mu koren bin, kwandon shara na ragowar abinci da ganyen tsakar gida. Ana kwashewa a je a yi taki da shi. Ni abin ya burge ni, don an raine mu da cewa abinci ba ya zama shara. Sai na zama 'yar sandan bin a gidan. Maigidana kuwa ɗan birni ne, a tsakiyar Kaduna ya tashi, bai taɓa riƙe fartanya ba. Wata rana ya cusa leda a ciki, masu kwasa suka ƙi ɗauka, suka manna mana takarda, muka yi kwanaki muna shan warin kifi. Ranar na zaunar da shi kamar ɗan firamare.

“Baban yara, ka saurara da kyau. Duk abin da ya tsiro daga ƙasa, koren bin. Ba sai ka tambaye ni ba.”

“Na ji, Madam,” in ji shi.

Alayyahu ya yi kyau, muka yi miya da shi har sau uku. Sai na zaɓi guda shida mafiya ƙarfi na bar su su yi iri, kamar yadda Mama take yi. Duk wanda ya taɓa noma ya san wanda aka bari don iri ba shi da kyan gani. Zai yi tsawo ya karkace, ganyen ya yi rawaya, kan ya bushe. Wannan munin shi ne alamar ya kusa. Na yanke shawarar ranar Asabar zan yanke kawunan in shanya.

Ranar Talata Yaya ba ta da lafiya, na tafi Handsworth na kwana biyu. Har alkawari na yi mata, na ce mako mai zuwa zan kawo mata rabonta na irin ta shuka ko a bokiti ne. Ban sani ba ashe agent ɗin mai gidanmu ya aiko saƙo cewa zai zo duba gida.

Alhamis da safe na dawo, na shigo ta ƙofar baya. Na tsaya cak. Tsakar gida fes, kamar an lashe. Inda alayyahu yake babu komai sai ƙasa. Ga maigida a bakin ƙofar kicin riƙe da kofin shayi, yana murmushi yana jiran yabo.

“Ina alayyahuna?”

“Wancan da ya mutu? Ai na tuge shi jiya. Kuma kafin ki fara, ban yi kuskure ba wannan karon, a koren bin na sa.”

Ranar Alhamis ake kwasar shara a layinmu. Na yar da jakata na zagaya gaban gida da gudu. Bin ɗinmu yana bakin titi, baki buɗe, wayam. Motar tana can ƙarshen layi. Ni da ko bas ba na yi wa gudu, ranar na yi tseren da ban taɓa yi ba, ɗankwali ya faɗi, takalmi ɗaya ya cire, ina ihu su tsaya. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya tsaya, bawan Allah, ya saurare ni ina haki ina haɗa Turanci da Hausa. Ya kai ni bayan motar ya nuna min. Injin ya riga ya matse komai, ruɓaɓɓiyar shinkafar unguwa, ɓawon dankali, ciyawar mutane, duk sun zama abu ɗaya. Ya ce in yi haƙuri, babu abin da zai fito daga nan.

Na koma gida da takalmi ɗaya a hannu, na buɗe wuta.

“Wane irin mutum ne kai? Abu yana tsaye wata huɗu ina ba shi ruwa kullum a gabanka, sai ka zaci shara nake reno?”

“Haba Maman yara, ya bushe fa! Kuma ba ke kika ce duk abin da ya tsiro daga ƙasa ba sai na tambaye ki ba?”

Kai! Da ya yi shiru da ya fi masa. Maganata ce ya jefo min, kuma gaskiya ce, shi ya sa ta fi zafi.

“Irin Mama ne! Shi ke nan abin da ya rage mana nata, ka kwashe ka ba motar shara don wani agent ya ce maka sannu da ƙoƙari!”

Ya ajiye kofin a hankali. “Ba ki taɓa faɗa min na Mama ba ne.”

“Ka tambaya?”

Mako uku ban yi masa magana ba sai dole. Matar fastonmu ta kira ni tana cewa, “'Yar'uwa, a kan ganye?” Saura kaɗan in kashe mata waya. Shi kuma ya je kasuwa ya sayo wani irin alayyahu na fakiti ya ajiye min a kan tebur. Na zazzage shi a koren bin a gabansa, na kai takardar fakitin kwandon takardu, don ko a cikin fushi ba na haɗa shara. Abin da ya fi min wuya shi ne kiran Yaya. Da na faɗa mata, sai ta ce, “Shi ke nan,” ta ajiye wayar.

Sanyi ya zo ya wuce, muka shirya sama-sama. Wata safiya da ɗumi ya dawo na fita shanya, sai na ga wasu ƙananan duwatsu an jera su a tsakar gida. Na sunkuya. A tsagar siminti wasu tsirrai ne masu jan kara suka fito, a layi ɗaya, tun daga inda na yi shuka har inda bin yake tsayawa. Ashe ranar da yake jan su a ƙasa, busassun kawunan suna ta zubar da iri. Kowane tsiro an kewaye shi da duwatsu.

“Kwana biyar ke nan da na gan su,” in ji maigida daga bayana. “Ban sani ba ko ciyawa ce. Na ji tsoron taɓawa, na kuma ji tsoron faɗa miki, kada ya zama ba shi ba ne.”

Na kira Yaya ta bidiyo na kai wayar kusa da ƙasa. Ta ƙura ido, ta ce, “Na Mama ne.”

Na yafe masa, Allah Ya sani. Amma fushin bai tafi duka ba, kuma rabinsa da kaina nake yi. Wata huɗu ina fita ina gaida uwata a wajen shukar nan, ban taɓa buɗe baki na faɗa wa mutumin da muke ɗaki ɗaya ba, sai dokar shara na iya koya masa. Yanzu irin yana wuri uku, kwalba ɗaya a wajena, ɗaya a wajen Yaya, ɗaya mun mayar ƙauye.

Har yau, duk ranar Laraba kafin ya fitar da koren bin, sai ya buɗe murfin ya kira ni in zo in duba. Maƙwabta suna mana kallon waɗanda suka zautu. Ban taɓa ce masa ya bari ba. Ina zuwa, in leƙa har ƙasa, sannan in ce ya kai.