Ɗingishin Dogo

Yau bikin Katorzu na Nasaran Faransa, wato sha huɗu ga Yuli, ga wani baƙo a filin tseren Dogon Dutsi, ya kere kowa tsawo, ƙafafu kamar na jimina. Kaushin dugadugansa ya ce mini makiyayi ne, wanda ya saba bin maraƙi a guje. Ana busa usur, ya bar mutane kamar an ɗaure su.

Sai ya hangi kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, yana nuna shi ga gardi, wato ɗan sandansa. To, irinsa ake ɗauka soja, kowa ya sani. Nan take ƙafar hagu ta kama ɗingishi, ya zo na ƙarshe.

Da aka watse, ga shi can ya nufi hanyar Dumega, yana ɗingisa ƙafar dama. Na ce, "Dogo, ɗazu fa hagu ce!"

Ya ce, "Rufa mini asiri, Baba." Ya sauya ƙafa.